Makarar da Muka Ara

Faci nake yi a bakin titi a Runjin Sambo. Aikin jira ne. Taya ta yi faci a zo, ba ta yi ba ka zauna. Daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da rana ke dukan kwalta har takalmi ya riƙa mannewa, wata rana babur biyu kawai nake gani. A wannan zaman na koyi kallon fim a waya.

Ba kowane fim nake kallo ba. Na soyayya ba ya zama mini. Na masu kuɗi, wanda ake kifar da jirgin sama a rushe gari, shi ma bai dame ni ba. Nawa shi ne na ramuwar gayya, mai arha, wanda da ka gani ka san abin da aka kashe a kansa bai sayi saniya ba. A kashe wa mutum wa ko uba a farko, ya yi rantsuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Labarin ke nan. Na kalli na Indiya da aka fassara, inda mutum guda ke yin muryar jarumi da ta mugu da ta tsohuwa. Na kalli na 'yan China. Na kalli namu na gida, da ake yi a kangon gini da bindigar katako.

Na san ba su da kyau, ba sai an gaya mini ba. Jininsu zoɓo ne. Harsashinsu ba ya ƙarewa. A harbi jarumi a kafaɗa, ya yagi riga ya ɗaure, ya tashi ya doke mutum goma. Ni an harbe ni a cinya, na san yadda abin yake. Ba ka tashi. Ƙishirwa ce ke fara kama ka, sai ƙuda su zo.

Daga ƙauye na zo, gabas da nan. Mutanen daji suka shigo mana a kan babura da rana tsaka, ranar kasuwa. Suka kashe wana a bakin gonarsa. Ni na faɗa cikin dawa, aka tsince ni, aka kawo ni asibiti a Sakkwato. Kafin in san inda kaina yake an binne shi tare da sauran, cikin gaggawa, masu binnewar na waige. Ban wanke shi ba. Ban ɗauke shi ba. Ban san kabarinsa ba, kuma garin yanzu ba kowa. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

To me ya sa nake kallon ƙarya? Saboda a fim mugu yana da fuska. Yana da gida mai ƙofa, yana zaune a kujera yana jiran a zo masa. Waɗanda suka zo mana fuskarsu a naɗe take, ba su da ƙofar da za ka buga. A fim kuma abin yana ƙarewa kafin cajin waya ya ƙare. Ina kallo ina tsaki, ina kallo ina zagin mai shiryawa, in ya ƙare in sa wani.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Ba sa binne gawa. A kashe mutum, ƙanensa ya rungume shi ya yi ihu ya kalli sama, sai ka gan shi a kan babur ya tafi farauta. Gawar fa? Wa ya kawo ruwa? Wa ya ɗinka likkafani? Wa ya kai shi? An bar shi kwance a inda ya faɗi, kamar buhun da ya zame daga mota. Sau da yawa nakan mayar da fim baya, ko na yi gyangyaɗi ne wurin ya wuce ni. Ba ya nan. Ni kuwa abin da nake so in gani ke nan, ko sau ɗaya: a ɗauki wanda aka kashe a kafaɗa, a kai shi kamar mutum.

Mai shagon da ke tura mini finafinai a waya yana tsallaken titi. Magidanci ne, da 'ya'ya biyu, amma kansa na rawa. Yana da kyamara da yake ɗaukar biki da suna, da kwamfuta da murfinta ya tsage. Duk unguwa Darakta ake ce masa, tun bai shirya komai ba. Wata rana ya kawo mini babur ɗinsa faci, ya tsaya yana kallon fuskata da yadda nake ɗingishi. Ya ce zai yi fim na ramuwa, ya samu jarumi, mai askin da ke kusa da shagonsa, ya samu mugu, saura mai tsaron mugu. Ya ce fuskata ba ta buƙatar kwalliya, yadda Allah ya yi ta ma ta isa ta kori yara.

Na ce masa tasa fuskar ma ba ta sayar da shago ba. Sannan na tambaye shi wa ake kashewa a farko. Ya ce wan jarumi.

"Za a binne shi?"

"Kawu, wa ka kallon biso? Mutane faɗa da duka suka so su gani."

"In ba a binne shi, ba ni yi."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Ya ce to, za a sa, ɗan guntu. Na ce guntu ya ishe ni, amma a yi shi yadda ake yi. Ya ce ni zan shirya wurin da kaina tunda ni na matsa. Muka tafa a kan haka.

A wani kango a bayan Mabera muka yi ɗaukar faɗa. Ranar Juma'a da Lahadi nake rufe wurin aiki in bi su. Abin da na gani ya fi wanda nake gani a waya muni. Bindigogi kafinta ya sassaƙa, aka shafe su da baƙin man takalmi, in rana ta yi zafi sai ya narke a hannu. Jarumi ba ya yarda a taɓa masa gashi. Ko an kayar da shi a ƙasa sai ya nemi madubi. Mugu ma'aikacin gwamnati ne mai tumbi, da an ce ya daka tsawa sai ya fashe da dariya. Awaki suna shigowa tsakiyar faɗa. Injin niƙa na maƙwabta yana tashi daidai lokacin rantsuwa.

Ranar da aka zo kashe ni, Darakta ya ce in harsashi ya same ni in yi juyi biyu, in watsa hannu, sannan in faɗi. Na ce masa wanda aka harba ba ya juyi. Zama yake yi, kamar wanda ya tuna wani abu. Na nuna masa. Ya kalla a kyamara ya ce wannan kamar ciwon ciki ne, ba wanda zai gane an harbe ni. Na yi juyin. Sau biyar na yi, da ƙafata mai ciwo, suna watsa mini zoɓo da aka dama da sitaci. Na haƙura da duk wannan don guntuna.

Guntun kuwa kullum gobe. Yau batir ya mutu, gobe jarumi yana da ango da zai yi wa aski, jibi an kira Darakta ɗaukar suna. Aka gama faɗa duka, aka kashe mugu, aka ƙona taya a matsayin gidansa. Na gane so yake in manta. Na je shagonsa na zauna a kan benci, ban ce komai ba, daga azahar har la'asar. Washegari na koma. A rana ta uku ya ce in tashi don Allah, ina korar masa masu saye, ranar Talata za a yi.

Ya ce a naɗe filo biyu a zane a ɗora a kan ƙyauren ƙofa. Na ƙi. Gawa tana da nauyi. Ana ganin nauyin a kafaɗar masu ɗauka, a yadda wuyansu ke karkata, a yadda suke taka ƙasa. Filo ba ya sa mutum ya taka haka. Na ɗauki tsohon tif na babbar mota, robar nan ta cikin taya, na yanke shi, na cika da yashi, na ɗaure bakin biyu. Na naɗe shi da farin yadi, na ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. Da na gama na ja baya na kalla, sai da na zauna. Ya kwanta yadda mutum ke kwanciya.

Saura makara. A masallacin unguwarmu tana jingine a bayan bango, ƙarƙashin rumfar kwano, da tabarmarta. Ba a kulle ta. Ba a tambayar kowa. Wanda aka yi wa rasuwa zuwa yake ya ɗauka, in an dawo ya mayar, domin ba wanda zai taɓa makara ba dalili. Na san wannan. Na kuma san in na tambayi liman zai hana. Shi ya sa ban tambaya ba. Bayan azahar, da mutane suka watse, ni da mai aski muka ɗauke ta.

Lissafinmu shi ne zafi. A irin wannan lokacin a watan bazara ko kare ba ya fita. Mutum huɗu za su ɗauka: mai aski da abokansa uku. Ni in bi baya da hula da rawani a fuska don kada a gane mai tsaron mugu ne. Daga bakin wani lungu zuwa bishiyar dogon yaro, taku kamar hamsin, a ajiye. Darakta ya ce daga sama zai fi kyau. Ya hau saman wani bene da ba a gama ba, ya laɓe a bayan bulo da kyamararsa. Ba wanda zai gan shi daga ƙasa. A lokacin mun ɗauka dabara ce.

Ya ɗaga hannu, muka fito.

Ba mu yi taku ashirin ba wani mai shago ya leƙo. Ya ga makara. Ya ja ƙofarsa, ya sa takalmi, ya shigo bayanmu yana salati. Haka ake yi. Wanda ya ga ana kai mutum, in yana da hali sai ya bi, ko ya san shi ko bai san shi ba, don lada. Ni ma na yi haka ba adadi. Dukkanmu mun san wannan tun muna yara, kuma ba wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Tela ya fito. Masu wankin mota biyu suka ajiye tsumma. Wani mai keke napep ya faka a gefe, ya ba fasinjansa haƙuri, fasinjan ma ya sauko. Wani tsoho mai sayar da goro, da gwiwoyinsa suka kumbura, ya rufe tirensa da algarara ya bar shi a bakin titi, ya biyo mu da sanda. Muka kai dogon yaro. Mai aski ya rage tafiya zai ajiye, sai wani ya dafa shi ya karɓi kafaɗar. Shi ma haka ake yi, ana karɓar juna don kowa ya samu. Kafin mu fita babban titi an karɓe duka huɗun. Makara ta koma hannun mutanen da ba mu sani ba, suna sauri irin na masu kai gawa, sun miƙi hanyar maƙabarta.

Mai aski ya dawo gefena, idonsa ya raina fata. Ya ce in yi magana, ni ne babba. Na ji shi sarai.

Ga gaskiyar da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Tun a mai shago na farko zan iya tsayar da abin, kalma biyu sun isa. Ban so ba. Ina tafe a baya ina kallon farin yadi ta ƙarƙashin tabarma, ina jin ƙarar silifa a kan kwalta, ba kiɗa, ba ihu, sai salati ƙasa-ƙasa. Kafaɗu suna karkata yadda na ce za su karkata. Mutane suna ta ƙaruwa. Na manta da yashi. Na manta da bene. Na matsa na karɓi kafaɗar baya ta dama, na ɗauka, ƙafata ba ta ce komai ba. Rawanin da ke fuskata ya jiƙe.

A filin da ke bakin maƙabarta tsohon mai goro ya iso yana haki. Ya tambaya ko an sallace shi. Mai aski, da ya rasa abin faɗa, ya ce a'a. Aka sauke makara aka daidaita ta. Aka kawo butoci daga wani gida. Aka yi sahu uku. Wani malami da ya tsayar da motarsa ya biyo, daga gani ɗan gidan karatu ne, shi aka tura gaba. Ya gyara babbar riga, ya juyo yana neman dangi. Aka nuna ni, tunda ni aka ga ina hawaye.

"Allah shi jiƙan shi. Namiji na ko mace?"

Namiji yana kan harshena. Da na faɗa, da ya ɗaga hannu ya yi kabbara, mutum kusan ɗari sun bi shi, a kan robar taya. Ya sake tambaya, a hankali, yadda ake yi wa wanda baƙin ciki ya rufe wa baki.

Na kware rawani. Na ce, "Malam, ba mutum ba na. Yashi na. Fim muka yi."

Na yi zaton duka. Da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Mai keken nan ne kawai ya shaƙe wuyan rigar mai aski, aka raba su. Wani ya ɗaga tabarma, ya taɓa yadin da yatsa, ya mayar. Sahu ya warware. Mutane suka fara neman takalmansu ba mai kallon wani, kowa yana jin kunya kamar shi ya yi laifin. Tsohon mai goro ya zo gabana, ya dogara a sandarsa.

"Ɗana, tirena na baro bakin hanya."

Ya juya ya kama hanya, tafiyar da ya yi da sauri ɗazu yanzu yana yin ta da ƙyar.

Malamin ya tambayi makarar wane masallaci ce. Na faɗa. Ya ce mu mayar, zai kira limamin. Abokan mai aski sun gudu. Ni da mai aski muka ɗauko ta, mutum biyu, da yashin a kai, muka biyo titin da muka zo. Kowa ya koma bakin shagonsa yana kallo. Ba wanda ya karɓe mu.

Washegari da hantsi liman ya aiko. Dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Shi ya ba ni wurin kafa rumfa lokacin da na fito asibiti ba ni da komai. Muka same shi a zaure, ni da Darakta da kwamfutarsa. Muka gaisa, ya amsa gajere. Ya ce a nuna masa.

A nan na ga abin, sau ɗaya. Darakta bai kashe kyamara ba sai da muka ɓace masa a kwana. Daga sama aka ɗauka. Farin abu a tsakiya, mutane na fitowa daga lunguna suna haɗuwa a bayansa, ana karɓar kafaɗa ba a tsaya ba. Ba wanda ya kalli kyamara. Ba wanda ya gyara hula. Tsohon yana can ƙarshe shi kaɗai, yana ƙoƙarin cim ma sahu. Na ga kaina na shiga na ɗauka. A duk finafinan da na kalla ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba, kuma mu muka yi shi, da kyamarar biki.

Darakta ya ga haka shi ma. Ya fara roƙo. Ya ce ba a taɓa samun irin wannan a fim ɗin gida ba, ko masu kuɗi ba za su iya sayensa ba. Ya ce zai bi mutanen gida-gida ya ba su haƙuri, zai dusashe fuskoki, zai rubuta godiya ga jama'ar unguwa a ƙarshe. Ni ma a raina ina bayansa.

Liman ya bar shi ya gama. Sannan ya ce kyan da muke gani daga yaudara ya fito. Mutanen nan don Allah suka taka rana, ba don fim ba. Ba su ba mu aron tafiyarsu ba, ɗauka muka yi, yadda muka ɗauki makara. Ya ce akwai abin da ya fi damunsa: gobe in an fito da gawa ta gaskiya a unguwar nan, wani zai tsaya ya duba saman bene kafin ya bi.

Ya juyo wurina. Ya ce halin Darakta ya san shi, amma ni fa, me ya kai ni? Na gaya masa, a taƙaice, kamar yadda na faɗa a nan. Ya ce waɗanda suka binne wana sun sauke wa kowa nauyin, har ni. Abin da ya rage mini addu'a ce da sadaka, su ke isa gare shi, yashi ba ya isa. Na san gaskiya ya faɗa. Ba ta sanyaya mini komai ba.

"Kai kaɗ ɗauko makara," ya ce. "Kai za ka goge hoton."

Ya tashi ya shiga cikin gida ya bar mu. Bai tsaya ya ga ko mun yi ba.

Darakta ya matso kusa. Ya raɗa mini a kunne cewa zai iya zuba mini shi a ƙaramin memori tukuna, ni kaɗai, ba wanda zai sani, ba zai shiga fim ba. Ya riga ya fito da memorin daga aljihu. Na kalle shi. Na san yadda zan yi da shi: kullum a rumfa, tsakanin babur da babur, har wayar ta mutu. Na san kuma duk lokacin da na kai ƙarshe tsohon nan zan gani a baya yana jan ƙafa.

Na ce ya nuna mini inda ake dannawa. Ya ce in yi tunani, Kawu. Na ce ya nuna mini. Ya nuna, na danna. Kwamfutar ta rubuto wani abu da Turanci, ya ce tambaya take ko na tabbata. Na sake dannawa. Na sa shi ya fito da katin kyamara, shi ma aka goge a gabana. Ya rufe kwamfutarsa ya yi gaba.

Ban haƙura nan take ba. Na wanke makara da sabulu na mayar. Na koma wurin liman na tambaya ko za mu iya sake yi a fili, da katakon kafinta, da mutanen da suka sani, a bayan gari. Ya ce wannan ba ruwansa, amma kada a yi salla. Na nemi mutane. Ba wanda ya yarda. Mai aski ya ce ko kusa, masu zuwa shagonsa sun sa masa suna maraya, kowa ya zauna a kujera sai ya yi masa ta'aziyyar taya. Darakta ya ce ya gaji, damina ta kusa, fim zai fita yadda yake. Na ce mun tafa. Ya ce mun tafa, an ɗauka, ni na goge da hannuna.

Na je wurin tsohon mai goro na ba shi haƙuri. Ya ce Allah ya yafe mana duka. Na sayi goro, ya ba ni, bai ƙara mini ko ɗaya ba. Har yau in na gaishe shi yana amsawa, amma idonsa na kan tire.

Fim ya fita bayan salla. A shagon Darakta aka fara nunawa, da yamma, a talabijin da ya fito da ita waje. Benci ya cika, wasu a tsaye, wasu a kan babura. Labarin makara ya zaga gari, shi ya jawo rabinsu. Na tsaya a baya. Aka kashe wan jarumi a bakin kango. Mai aski ya rungume shi, gashinsa ko motsi bai yi ba, ya kalli sama ya yi rantsuwa. Sai allo ya yi baƙi, wani farin rubutu ya fito. Na tambayi na kusa da ni me aka rubuta. Ya ce Turanci ne, wai bayan kwana uku.

Baƙin bai kai numfashi biyu ba. Sai ga mai aski a kan babur da adda a baya, kiɗa ya tashi, mutane suka sa sowa. Da aka zo wurina na yi juyi biyu na faɗi, sai da aka mayar baya sau uku, ana dariya ana buga benci. Wani ya ce wallahi mai faci ya iya mutuwa.

Fim ɗin ya karɓu. Ana tura shi waya zuwa waya, har masu keke na kirana da sunan da aka ba ni a ciki. Darakta ya fara maganar na biyu, ya ce zai dawo da ni a matsayin tagwayen wanda ya mutu. Na ce ya nemi wani. Na tsaya na kalla har ƙarshe a ranar, ba zan yi ƙarya ba, kuma da aka cinna wa gidan mugu wuta na ji abin da nake ji kullum, duk da na san taya ce, ni na ba su ita. Aka watse ana yabon dukan da aka yi. Wan jarumi yana nan inda ya faɗi a bakin kango, cikin rana, da zoɓo a ƙirji. Na tsaya har aka ɗauke benci. Ban ji wanda ya tambaya ba.